Langar Kan Katanga

Talata, 26 ga Yuni, 1990, bayan la'asar

Yau ma babu ƙarar turmi daga bayan katanga. Shekara da shekaru ina mita cewa Nguavese ta hana ni barcin rana da dakan sakwararta. To ga shirun na samu, ga tabarma a inuwa, barcin kuma ya ce bai san zancen ba.

Sun tafi ranar Lahadi da sassafe, ita da 'yarta Member, cikin motar doya da ta kwashi Tibin unguwarmu zuwa Makurɗi. Mijinta Iorhemba ba ya cikinsu. Yana can gonarsu bayan Ashige, inda abin ya faro. Ba zan rubuta abin ba. Kowa a Lafiya yana da nasa labarin, kuma duk wanda ya ba ka sai ya rantse a gabansa aka yi.

Littafin nan na mijina marigayi Malam Abdulsalami ne, na zamanin da yake aikin jirgin ƙasa. Ya rasu ya bar fiye da rabinsa fari. Ban taɓa zaton ni Sailuba mai keken ɗinki zan zauna ina rubutu kamar 'yar makaranta ba, amma bakina ya yi tsami da rashin abokin magana.

Kullum kafin magariba Nguavese takan kifa turmi ta hau, ta ɗora haɓarta a kan katanga inda ta ɗan zube, ta ce, "Maman Babandi, mene ya yi daɗi yau?" Hausarta ke nan, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. In na ce babu, sai ta ce, "Ƙarya ne, ka duba da kyau." Ba ta sauka sai na samo mata wani abu, ko da kuwa tsintar allura ce. Har ranar da aka yi bakwai ɗin Malam ba ta ɗaga mini ƙafa ba.

Tunda babu mai tambaya, zan riƙa ba takarda amsa. Yau zare ya shiga allura a karon farko, da waɗannan idanun nawa da suka fara yi mini rowa.

Laraba, da hantsi

Mairo ta gidan gaba ta shigo karɓar ɗinkin sallar 'ya'yanta, ta ƙare wa rumfar kwanukana kallo, ta ce, "Yaya Sailuba, ina langarki mai jan fure? Kar dai ki ce mini ta gudu da ita."

Na ce ba gudu ta yi da ita ba, tafiya ta yi da ita. Ranar Asabar na miƙa mata ƙwan zabi biyar a ciki, washegari suka tafi.

Ta ce, "Mutum yana gudun ransa har ya tuna da kwanon mutane? Ai wannan son abin duniya ne."

Na bar ta, don wanda bai san dawan garin ba ba ka ɓata bakinka. Amma bari in rubuta yadda abin yake. Farkon zuwansu gidan haya na bayanmu, Nguavese ta miƙo mini doya uku ta kan katanga. Ni kuma don kada a ce na ci na baƙuwa, washegari na je kasuwa na zaɓo doya uku daidai girman nata, na mayar. Ina ta jin kaina, wai na fita kunya. Matar nan ta daina gaishe ni. In mun haɗu a famfo sai ta kau da kai, idanu jajur. Da na gaji na tare ta a ƙofa, sai ta fashe da kuka ta ce, "Me na yi maka? Na ba ka uku, ka ba ni uku. A wurinmu wannan shi ne ka ce mun gama, kar ka sake zuwa."

Ashe a wurinsu ba a mayar da kyauta daidai wa daida. Ko ka ƙara kaɗan, ko ka rage kaɗan, don a bar abin da zai sa wani ya sake tako ƙafarsa. Na yi dariya har da hawaye, ita ma ta koma dariya, na shiga na ɗebo mata daddawa a langar nan. Tun ranar langar ba ta taɓa kwana biyu a gida ɗaya ba, kuma ba ta taɓa dawowa da irin abin da ta kai ba.

Don haka da ta tafi da ita, ni na san maganarmu ba ta ƙare ba. Abin da nake jira shi ne ranar da za ta dawo, da abin da zan gani in na buɗe murfi.

Daɗin yau: Mairo ta manta goronta a kan kekena, kuma ɗan daushe ne mai kyau.

Alhamis, da azahar

Babandi bai dawo ba. Tun daren Asabar da abokansa na tashar motar doya suka kira shi daga ƙofa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ya dawo da safe. Ɗana ɗaya tilo, ya shigo ba sallama, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Yana jan akuya. Ya ɗaure ta a jikin mangwaro, ya tuɓe rigarsa ya jefa a bokiti, ya shige ɗaki.

Na wanke rigar. Warin hayaƙi take yi, ba irin na murhu ba. Na sake wanke ta da sabulun salo, na shanya, na shinshina, yana nan.

Ban tambaye shi ba.

Na dafa masa faten doya da manja, abin da tun yana rarrafe ba ya ƙi. Ya ci loma biyu ya ture.

Daɗin yau: yana da rai, ƙafafunsa biyu, hannuwansa biyu. Na duba da kyau, shi ke nan abin da na samu.

Asabar, da sassafe

Akuyar fara ce mai baƙin kunne, ga ciki ya yi nauyi. Da na kai mata ƙaiƙayin wake sai ta soka hancinta a tafin hannuna kamar ta san ni. Ta kuwa san ni. A wuyanta akwai ƙyallen atamfa ruwan goro mai 'yar ƙararrawa. Ni na ɗinka shi da kaina, daga ragowar zanen Kirsimetin Nguavese. Mutum ba ya ɓatan ɗinkinsa.

Madam ce. Haka Nguavese take kiranta, wai don ba ta cin abin da ya taɓa ƙasa. Da damina ta faɗi Iorhemba ya tafi da ita gona, saboda ta addabi zogalen maƙwabta.

Na kwance ƙyallen na tura shi can ƙuryar aljihun keke, ƙarƙashin zarurruka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji masu magana, amma ba su faɗi yadda ake kwana da shi ba.

Litinin, jajiberen Sallah, da yamma

Babandi ya fito yana wasa wuƙa a dutse. Ya ce, "Inna, bana ma mun samu abin layya."

Na ce, "Ba da wannan ba."

"Saya na yi. A kasuwar Kwandere."

"A hannun wa?"

"Wani mutum."

Na ce, "To wani mutumin bai gaya maka ciki gare ta ba? Ba za a yanka mai ciki a gidan Malam ba ina raye." Na kafe a kan maganar ciki, shi ma ya kama ta da hannu biyu, don ta fi ɗayar maganar sauƙi a gare mu duka. Ya ajiye wuƙar ya fita.

Jiya maza sun cika shagon mai gyaran rediyo suna ihun ƙwallon Kamaru, aka ce an fitar da su. Har wani yana kuka. Na yi mamakin abin da yake sa maza kuka a garin nan da abin da ba ya sa su.

Daɗin yau: na gama ɗinkin sallah duka, bel ɗin keke bai tsinke ba.

Ranar Sallah, bayan azahar

An kawo mana nama daga gidaje uku. Na soya, na ware tsoka mai kyau da hanta kamar kowace shekara, na juya zan ɗauki langa. Sai da hannuna ya kai rumfa na tuna.

Bara war haka tana kan turmi tana cewa, "Barka da Sallah, ina nawa?" Member ta sa ɗankwali irin namu ta bi 'yan matan unguwa yawon sallah, ta dawo da alewa cike da leda. Iorhemba kuwa Hajiya yake kirana, ko Kano ban taɓa zuwa ba balle Makka. Yakan ce, "Hajiya, naman Sallah ya fi na Kirsimeti daɗi, amma kar ka gaya wa Fadan cocinmu."

Na tsaya a wurin da katangar ta zube na leƙa. Ƙofar ɗakinsu da kwaɗo. Tsintsiya a jingine, takalmin robar Member ƙafa ɗaya a tsakar gida. Kaɗaici ya kama ni yau irin wanda ban ji ba tun takaba.

Babu daɗi yau. Ƙarya ne, na sani. To, hantar ta soyu.

Alhamis, da hantsi

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Durom ya cika har ya zube, ban je famfo ba.

Lahadi, da safe

An buga ƙararrawar cocinsu. Da, in an buga, hanyarmu takan cika da mata masu manyan ɗaurin kai suna sauri. Yau tsoho ɗaya na gani da sandarsa.

Kabewar da ta shuka a gindin katanga ta hauro ta leƙo gidana. Wani siririn hannu ne kore ya kama bulo ya sauko. Na kafa mata kara. Na ce mata, "Sannu da zuwa, ke kaɗai kika tuna da ni." Allah ya sa Mairo ba ta ji ni ina hira da kabewa ba, da kafin azahar an ce Sailuba ta taɓu.

Talata, bayan la'asar

Na je kasuwa sayen zare. Layin matan Tibi masu doya da riɗi fayau, sai tebura a kife. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suna zaune a inuwar rumfunansu suna cin gyaɗa. Doya ta yi tsada, masu cewa gara da suka tafi su ne suka fi kowa kuka da tsadar. Wani dattijo mai sayar da igiya ya girgiza kai ya ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A wurin mai niƙa na ji. Mata biyu suna magana, ba su san na san shi ba. Suka ce mai gona bayan Ashige, dogo, mai gyaran rufin kwano in ba damina ba. Suka ce bai fito daga bukkar ba.

Iorhemba ke nan, shi ya gyara mini rufin ɗakin nan da nake zaune. Ya ƙi karɓar komai sai kunun gyaɗa, ya sha kofi biyu.

Ban san addu'ar da ake yi wa nasu ba. Na ce Allah ya ba ta haƙuri, ya raya Member. Na dawo gida na tarar da Babandi zaune gaban akuya ya zuba mata ido. Da ya ji motsina ya miƙe.

Ban tambaye shi ba.

Laraba, da azahar

Na sake wanke rigar nan.

Juma'a, da yamma

Ba ya zuwa tasha. Ba ya zuwa majalisar abokansa, su ma ba sa zuwa nemansa. Yana kwance yana kallon rufi, rufin da na faɗa. In ya fita sai ya dawo da ganyen rogo ko ɓawon ayaba ya zube wa Madam. Ita kuwa, tunda ya taɓa ƙasa, ko kallo bai ishe ta ba. Sai na ga ya koma ya ɗauraye su ya ɗora a faifai ya miƙa mata a hannu. Ban gaya masa halinta ba. Ya sani, ai a gabansa ta girma.

Wani lokaci sai in ce ƙila a hanya ya tsince ta tana gudu. Ƙila ceto ta ya yi. In na faɗi haka a raina sai in ji sanyi, har zuwa lokacin da zan buɗe aljihun keke neman zare.

Daɗin yau: masarar farko. Na gasa biyu da niyyar ɗaya tawa ɗaya tasa. Na cinye duka.

Litinin, bayan sallar asuba

Shinge, garar nan mai fiffike, ya fito bayan ruwan jiya, yara sun cika hanya da kwanukan ruwa. Nguavese ce gwanar suyarsa, da gishiri da ɗan barkono. Na soya nawa ya ƙone.

Alhamis, da hantsi

Madam ta haihu, tagwaye. Ɗaya fari fat, ɗaya ya ɗauko baƙin kunnen uwarsa. Babandi ne ya karɓi haihuwar, ya goge su da tsohon buhu. Da ƙaramin ya miƙe ya faɗi, ya sake miƙewa ya tafi a karkace kamar mashayin burkutu, sai na ji ɗana ya yi dariya. Rabona da jin ta tun kafin abin. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba, ya rufe fuskarsa da buhun, kafaɗunsa suna rawa.

Na shige ɗaki na ba shi wuri.

Wannan shi ne daɗin yau, kuma ban san inda zan ajiye shi ba. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba nawa ba ne.

Asabar, da yamma

Mai gidan hayarsu ya zo da wani malamin makaranta yana nuna masa ɗakuna. Na leƙa ta katanga na ce masu ɗakin ba su ce sun tashi ba. Ya ce, "Baba, ke ma kin san ba masu dawowa ba ne." Na ce ni dai ban sani ba. Na roƙe shi kada a taɓa kabewa.

Lahadi, da rana

Shiru.

Talata, da la'asar

Kabewa ta yi fure, har da 'yar ƙwarya ɗaya kamar dunƙulen hannun jariri, a ɓangarena. Shuka tata, 'ya'ya a gidana. Da tana nan da mun kwana uku muna shari'a a kai, ta ce barauniya ce ni, in ce kabewarta ce ta yi hijira.

Na ga an fara dawowa ɗaya-ɗaya. Tebur biyu an tayar a layin doya. In na ji jiniyar jirgin Makurɗi sai in bar keke in fito ƙofa kamar mai jiran miji.

Alhamis, bayan azahar

Langa ta dawo.

Ba ita ta kawo ba. Francisca ce, wata mai fataucin lemo da take bin jirgi, mun saba gaisawa a kasuwa. Ta yi sallama daga zaure, ta ƙi zama. Ta kwanto ƙulli daga kanta, da Hausarta irin ta Nguavese ta ce, "Mama, sannu o. Maman Member ya ce in ba ka hannu da hannu."

Na ce, "Tana lafiya? Member fa?"

"Suna nan gidan wansa, kusa da tasha. Ya aske kai, ya sa baƙi. Dangin miji sun cika gidan, ba sa barinsa shi kaɗai."

"Ba ta ce ki gaya mini komai ba?"

"Ya ce kwano naka ne, shi ke nan."

Tana shirin juyawa sai ɗan akuya ya yi kuka. Ta leƙa tsakar gida, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ba Madam ba ne?" Ta gyara zanenta ta ce, "Wanda ya tsira daga gona ya kira sunaye a can, Mama. Maman Member ya ji." Ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Na kai langar ɗaki, na kwance ƙullin, na ɗaga murfi. Ƙwan zabi ne, a nutse cikin ƙaiƙayi don kada su fashe. Na ƙirga. Na goge idona na sake ƙirgawa.

Biyar.

Na mayar da murfi.

Juma'a, da safe

Biyar na ba ta, biyar ta ba ni. Ita ta koya mini karatun da bakinta, ba zan ce ban gane ba.

Ba na jin haushinta. Da ni ce, da ƙila langar ma a kogi zan jefa. Amma zuciyata ta karye. Malam ya tafi, wannan mutuwa ce, kowa ya san da ita, an zo an yi mini gaisuwa. Wannan kuwa wa zai zo ya yi mini gaisuwarta?

Babandi ya ga langar a kan akwati. Ya san zancen doya uku, tun yana yaro ake ba da shi a gidan nan ana dariya. Ya ɗaga murfi ya duba, ya mayar a hankali. Ya ce, "Inna," ya tsaya. Na ce masa ya je ya ba akuya ruwa.

Ba zan rubuta daɗi ba yau. Ta zo ta ce ƙarya ne.

Asabar, da hantsi

Na tashi da niyyar kwashe ƙwan in ba 'ya'yan Mairo, don ba za su wuce maƙogwarona ba. Na fito da langar waje inda akwai haske, na sa hannu. Sai na ji abin yana zamewa tsakanin yatsuna, santsi, da ɗan nauyi. Ƙaiƙayi ba ya haka. Na ɗebo na kai kusa da ido, na sa a baki.

Riɗi ne. Ba ƙaiƙayi ba ne, idanuna ne da hawaye suka yi mini ƙarya a cikin duhun ɗaki. Riɗi fiye da rabin langa, fari tas. Na tauna na tauna ban ji tsakuwa ko ɗaya ba. An wanke shi, an rege, an shanya, an tsince. Duk macen da ta taɓa gyaran riɗi ta san wannan aikin yini ne cur, da ciwon baya.

Na kira Mairo na nuna mata. Ta ce, "Yaya, kar ki wahalar da kanki. Abin da ke kusa da ita ta zuba don kada ƙwai ya fashe."

Na ce, "Mairo, ƙaiƙayin shinkafa kyauta ake ɗiba a bakin kowane inji, nan da Makurɗi. Wa kika taɓa gani ya wanke matashin ƙwai?"

Ta buɗe baki ta rufe. Abin tarihi, ya kamata a buga ganga.

Ban san yadda aka yi ba. Ƙila a gaban dangin mijinta ta ƙirga biyar, suka gani suka gamsu ta rufe ƙofa. Ƙila ita kanta zuciyarta biyu ce, hannu ɗaya ya ƙirga ƙwai, ɗayan ya zuba riɗi. Ko ma wanne ne, abin da ya dawo ya fi abin da ya tafi. Yanzu nauyin yana kaina, kuma ba ta kan katanga zan miƙa ba. Zumunta a ƙafa take.

Daɗin yau: riɗi ya maƙale mini a haƙori tun safe, na ƙi sakacewa.

Lahadi, bayan la'asar

Na soya riɗin, na narka sukari, na yi kantu, na yanka shi ƙanana yadda Member take so. Gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Rabi na cika langa da shi, rabi na ajiye, don kada a ce kayanta na mayar mata. Na ɗora daddawa a sama cikin ganye. Kabewar ba ta ƙosa ba, na bar ta, a samu abin da za a yi rigima a kai nan gaba.

Madam da 'ya'yanta za su bi ni. Su ba kyauta ba ne, ba su shiga zancen langa ba. Kayanta ne.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa wuce Agyaragu ba. Zan shiga gidan da aka kira sunan ɗana, da akuyar mamaci a hannuna. Tana iya ƙin fitowa. Dangin suna iya kora ta tun daga ƙofa, kuma ba zan ce sun yi laifi ba.

Na gaya wa Babandi gobe zan bi jirgi. Bai ce kar in je ba.

Litinin, da hantsi, a tashar jirgi

Jirgi ya yi latti kamar yadda ya saba tun zamanin Malam, shi ya sa na samu benci na zauna da littafi.

Da safe ina ɗaure langa a ɗankwali sai Babandi ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Inna, ina ƙyallen wuyanta?" Ashe ya san na cire, ya san inda na sa. Na buɗe aljihun keke na miƙa masa. Ya durƙusa ya ɗaura mata da hannunsa, ya gyara ƙararrawar. Ya sa 'ya'yan a kwando ya ɗora a ka, ya kama igiya.

Na ce mu bi ta bayan layi. Ya ce a'a. Ta tsakiyar unguwa muka bi, ta gaban shagon mai rediyo, ta gaban tashar motar doya inda abokansa suke zaune. Ƙararrawar tana ta kaɗawa, duk wanda ya san Madam ya ɗago kai. Babandi bai sunkuyar da kai ba sai da muka wuce.

Francisca tana nan da buhunan da ta sauke lemo, za ta koma. Ta kalli akuya, ta kalli Babandi, ta kalli ƙullin da ke cinyata. Ta ce za ta nuna mini gidan, amma daga nesa.

Ɗazu ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Inna, in ta tambaye ki..." Na ce, "In ta tambaye ni zan ce ban tambaye ka ba. Ita ce gaskiyar da nake da ita. Sauran kai za ka kai mata da ƙafarka, ran da ka iya." Ya gyaɗa kai. Yanzu yana can yana ba Madam ganye a hannu.

Ga jiniya can daga wajen Akwanga. Langar tana da ɗumi a cinyata, ko rana ce ko kantun, oho.

Daɗin yau ba zan rubuta shi a nan ba. Na riƙe shi a baki, ko za ta tambaya.